Tafinta a Bakin Zaure

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Magana ce ta gaskiya, sai dai waɗanda suka yi ta ba su yi lissafi da ranar da ɗiyar mutum za ta bi mijinta zuwa garin Gembloux na ƙasar Beljiyam ba, inda ƙafa ba ta kaiwa sai da biza da kuɗin jirgi. Abin da ya sami wani malamin gona na Maraɗi ke nan a shekarar 2000. Ɗiyarsa ta fari ta yi aure, mijin ya sami gurbin karatu a babbar makarantar ilimin noma ta can, suka tattara suka tafi. Wasiƙar gidan waya takan yi mako biyu ko uku a hanya, amsarta ma haka. Kiran tarho zuwa Turai kuwa, ga ma'aikacin da kuɗin aljihunsa suka rasa rabin darajarsu tun karyewar sefa a watan Janairun 1994, abu ne da ake ajiye wa ranar salla ko ranar rasuwa.

A ƙarshen wannan shekara aka tura shi ƙaro ilimi na wata uku a birnin Montpellier na Faransa. Da zai dawo, wani abokin karatunsa ya sayar masa da wata ƴar kwamfuta ta tafin hannu, tare da akwatin modem da igiyoyinsu. Sunanta Psion 5mx, ƙirar wani kamfanin Landan da David Potter ya kafa a 1980, kuma a 1999 ta fito kasuwa. A rufe ba ta fi gidan tabarau girma sosai ba. In an buɗe ta sai madannan haruffa su zamo gaba, allon ya jingina baya, toka-toka, babu launi. Abin da ya ja hankalinsa gare ta shi ne cimarta: batir biyu ƙanana, irin na ƙaramar rediyo, waɗanda ake samu a teburin kowane mai tireda, kuma sukan ɗauke ta kwana da kwanaki. Mutum yana iya rubuta wasiƙarsa a gindin bishiya ko a bayan mota, ya ajiye. Modem ɗin ne kaɗai ke buƙatar wutar gida, shi ma na minti biyu ko uku.

Intanet ya shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990, kuma a lokacin ta layin tarho ake shigarsa. Gidan malamin yana da layi, wanda ya yi shekaru yana jira kafin a ja masa. Aikin modem shi ne ya mai da haruffa sauti, ya tura sautin cikin waya, wani modem a ɗaya bakin ya sake mai da shi haruffa. Kowane dare bayan lisha sai ya zare igiyar tarho, ya soka ta a bayan akwatin, ya haɗa akwatin da ƴar kwamfutar ta wani ɗan mahaɗi da ke juya wayar aikawa da ta karɓa, ya buga lamba. In an yi sa'a layin ya shiga, sai rubutun Ingilishi ya fito a allo yana tambayar sunansa na shiga. Ya rubuta. A tambayi kalmar sirri, ya rubuta ta a makance, domin ba ta bayyana. Sa'an nan ya rubuta haruffa uku, ppp, wato sunan ƙa'idar da na'urorin biyu za su yi magana da ita, sai wani tarkacen alamomi marasa ma'ana ya cika layi, alamar an buɗe masa ƙofa. Duk harafin da ya kuskure, sai a sake daga farko, agogon kuɗin waya kuwa yana tafiya.

Wani abu ya lura da shi tun a makon farko, ya ba shi dariya. An rubuta a jikin akwatin cewa yana iya tura bit 33,600 a daƙiƙa ɗaya, amma layin gidansu, balle da damina, sau da yawa a 9,600 yake tsayawa. Ko a hakan, haruffa kusan dubu ke wucewa a daƙiƙa, saboda haka wasiƙa mai shafi guda ba ta wuce daƙiƙa uku ta sauka. Abin da ke cin lokaci shi ne shigar kanta, wadda takan kai minti ɗaya ko fiye. Ashe na'urori ma Hausawa ne, in ji shi: gaisuwarsu ta fi saƙonsu tsawo.

In wasiƙa ta sauka sai ya kira uwargidansa ya karanta mata. Ɗiyar da Hausa take rubutowa, uwar kuwa tana karanta Hausar boko sarai, domin ta yi ajin yaƙi da jahilci tun yaran suna ƙanana. Amma ita ba ta taɓa na'urar, kuma ba ta zama ta saurara kamar mai jiran labari. Ɗiyar fari ce, akwai kunya. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce “yarinyar nan” ko “ƴar gidan nan”. Yana karatu tana tsince shinkafa ko tana ninke wanki, fuskarta a wani gefe. In ya gama ya ce, “Hajiya, me za a ce mata?” sai ta ce, “A ce ana gaishe su.” Wata huɗu ana haka, amsa ɗaya.

Da bazarar 2001 wata wasiƙa ta zo wadda ta sha bamban da sauran. Ɗiyar ta yi ta kewaye-kewaye, ta ambaci kasala, ta ambaci ƙin warin abinci, ta rufe da cewa a gaya wa Inna ta sa ta a addu'a. Malamin ya gane, uwar ma ta gane tun kafin ya kai ƙarshen layi. A al'ada, cikin fari a gaban uwa ake goyonsa. Mace takan koma gidan iyayenta, a can ta haihu, a can ta yi wankan jego, a can a dama mata kunun kanwa. Ga shi yanzu tsakaninsu akwai hamada da teku. Ya yi tambayarsa ta kullum. Ta yi shiru har ya zaci ba ta ji ba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Malam, akwai maganar da ba ta bi ta bakin uba.”

Daren nan bai yi barci da wuri ba. Shi a zatonsa gada ya zama tsakanin uwa da ɗiya, yana ma jin daɗin hakan, yana faɗa wa abokan aiki cewa gidansa kullum da labarin Turai ake kwana. Sai ga shi an nuna masa, cikin ladabi, cewa a bakin zaure yake zaune, kuma duk mai shiga sai ta gabansa. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Ya duba ya ga abin da ya tsare matarsa daga ɗiyarta ba karatu ba ne, tun da wasiƙun da Hausa suke. Minti ɗayan nan ne na bakin ƙofa, inda ake tambaya da Ingilishi, a amsa da Ingilishi, cikin gaggawa, kuma kuskure kuɗi ne. In har akwai wanda zai tsaya ya yi wannan gaisuwa a madadinta, wanda ba ya karanta wasiƙar mutane, ba ya kuma jin kunyar kowa, to an gama.

Irin wannan tafinta yana nan cikin na'urar, sai dai a koya masa magana. A wurin da ake shirya hanyar intanet akwai wani fili da ake rubuta jerin umarni, na'urar ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya duk sa'ad da layi ya shiga. Kalmomin ba su da yawa. SEND na nufin aika wannan. WAIT na nufin jira daƙiƙa kaza har ka ji kalma kaza, in ka ji ta ka tsallaka wuri kaza. LOOP na nufin maimaita sau kaza. EXIT na nufin ka gama, ko ka haƙura. Da waɗannan ake gina ɗan aike sukutum. Wahalar ba a kalmomin take ba. Malamin ya tarar cewa abin da ya yi wata biyar yana yi kowane dare, bai san shi ba. Hannunsa ya sani, amma da ya ɗauki alƙalami zai rubuta shi daki-daki sai ya kasa. Shin tambayar farko da kanta take fitowa, ko sai ya danna maɓallin shigarwa tukuna? Daƙiƙa nawa ke tsakanin suna da kalmar sirri? Bayan kalmar akwai ɗigo biyu, ko babu?

Sai ya sayi littafin rubutu na ƴan makaranta, ya koma almajiri. Akwai wata manhaja a cikin na'urar mai suna Comms, wadda ke nuna duk abin da ya fito daga waya tsirara, ba ado. Da ita ya yi dare bakwai yana bugawa da hannu, agogo a gefensa, yana rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gan shi. A nan ya san harshen modem ɗin kansa, wanda ya samo asali daga akwatin da kamfanin Dennis Hayes na Amurka ya fitar a 1981, har sauran masu ƙira suka bi sahu. Kowane umarni da haruffa biyu yake farawa, AT, wato a saurara, kamar yadda maroƙi kan nemi a yi shiru kafin sanarwa. ATDT na buga lamba da sauti, ATDP na buga ta da ƙyas-ƙyas irin na tsohon tarho mai juyawa, wanda shi ne layin gidansu ya fi ganewa. Waƙafi a tsakiyar lamba na sa akwatin ya dakata daƙiƙa biyu. ATX3 na ce masa ya buga ko da bai gane sautin layi ba. Shi kuma akwatin yana da amsoshinsa ƴan kaɗan: OK in ya yarda, BUSY in layi a cike yake, CONNECT in an haɗu, NO CARRIER in an rabu.

Dabarar da ta fi burge shi a cikin misalin da ya tarar a na'urar ita ce ta yanke kan kalma. Babbar kwamfutar da ke ɗaya bakin tana tambaya da kalmar “login:”, amma ba a ce wa ɗan aike ya jira ta duka. Sai a ce ya jira “ogin:”. Dalili kuwa, wani wuri da babban baƙi ake fara ta, wani wuri da ƙarami, na'ura kuma ba ta san cewa duk ɗaya ne ba. Ga shi kuma harafin farko shi ne ya fi saurin lalacewa in layi yana da ƙura. Haka ake yi wa tambayar kalmar sirri, a jira wutsiyarta kawai. Wannan dabara ta girmi ƴar kwamfutarsa da shekara ashirin. Ta fito ne daga tsarin UUCP, wanda aka ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a shekarun 1970 domin kwamfutoci su riƙa kiran juna da dare suna musayar saƙo ba da mutum ba. Da wannan tsari ne cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ta tafiyar da hanyarta mai suna RIO, wadda masu bincike a Yamai suka aika wasiƙu ta cikinta tun kafin intanet ya iso ga jama'a.

A ƙasashen da aka ƙera waɗannan na'urori, kuɗi da gaggawa ne suka sa mutane rubuta irin wannan umarni. Masu hulɗa da CompuServe, kamfanin jihar Ohio da ya yi tashe kafin intanet ya game duniya, da awa ake yi musu lissafi, saboda haka suka yi manhajoji irin su TAPCIS masu shiga da gudu, su kwaso saƙo, su kashe layi, mutum ya karanta a tsanake. Ƴan kasuwa masu yawo da Psion ko Palm a aljihu suna so su duba wasiƙa daga ɗakin otel ba tare da sun yi ta danne-danne ba. Malamin Maraɗi ya ɗauki kayan aikinsu ya yi wata buƙata da su wadda masu ƙirar ba su taɓa tunaninta ba.

Jerin da ya rubuta bai kai layi ashirin ba. Ka aika dannawa ɗaya babu komai a cikinta, kamar gyaran murya a ƙofar gida. Ka jira daƙiƙa goma ka ji “ogin:”. In ba ka ji ba, ka sake, har sau uku. In ka ji, ka faɗi suna. Ka jira tambaya ta biyu, ka faɗi kalmar sirri. Ka jira alama, ka ce ppp, ka ja da baya. In an yi sau uku ba a amsa ba, ka kashe layi ka dawo, kada ka tsaya a ƙofar mutane kuɗi suna zuba. Wannan layi na ƙarshe shi ya fi ba shi wuya, domin shi da kansa bai taɓa yanke wa kansa iyaka ba; in ba a amsa ba yakan yi ta jira ne yana tsaki. Sai da ya zo koya wa wani ya gane cewa dole a faɗi inda haƙuri ya ƙare, da lamba.

Akwai kuma abin da ya tsaya ya yi nazari a kansa kafin ya aikata. Ajiye kalmar sirri a cikin na'ura daidai yake da barin mabuɗi a jikin ƙofa: duk wanda ya ɗauke ta ya shiga da sunansa, kuma shi zai biya. Ya auna, ya ga ba yadda za a ba mutum hanya a kuma riƙe mabuɗin. Ya ajiye ta. Sa'an nan ya karɓi jan farce wurin ƙaramar ɗiyarsa, ya ɗiga a kan wuraren da za a taɓa, ɗigo ɗaya a na farko, biyu a na biyu, uku a na uku. Ya nuna wa uwargidan sau biyu. A na ukun ta ce, “Malam, ba ka da wurin zuwa ne yau?” Ya ɗauki buzunsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Daga ranar na'urar ta koma ɗakinta. Yakan ji ƙarar modem ta bango bayan lisha, sa'an nan shiru mai tsawo, sa'an nan ƙyas-ƙyas na madannai a hankali, da yatsa ɗaya. Sau ɗaya tak ta nemi taimakonsa, a kan haruffa masu lanƙwasa. Na'urar tana da duk wasulan Faransanci da hulunansu, amma ba ta da ɓ, ba ta da ɗ, ba ta da ƙ, ba ta da ƴ. Ta tambaye shi yadda za ta rubuta ƙafa kada a karanta kafa. Ya ce ta rubuta haka nan, mai karatun ta san ƙafar da ake nufi. Daga wannan tambaya kaɗai ya san cewa ƙafafun ɗiyarsa sun fara kumbura, kuma bai ƙara ko kalma a kai ba.

Ranar gwaji ta zo da kaka. A watan Oktoba aka tura shi rangadin duba amfanin gona a ƙasar Dakoro, na kwana goma, cikin kuwa ya shiga wata na tara. A dare na uku da tafiyarsa, uwargidan ta taɓa ɗigo ɗaya, biyu, uku, akwatin ya yi kukansa, aka jima, layi ya mutu, wani rubutu da ba ta iya karantawa ya fito. Ta sake, haka. Ta sake na uku, ta tsaya, domin ya ce mata kada a wuce uku. Washegari haka, jibi haka. A rana ta huɗu ta ɗaura gyale ta tafi shagon buga waya, ta ba da jika uku a kan ƴan mintoci. Surukinta ne ya ɗauka. Suka gaisa, gaisuwar suruki da suruka, ya ce kowa lafiya, ta ce madalla. Abin da ya kai ta ba ya tambayuwa a wurin suruki, shi ma ba ya faɗuwa daga bakinsa. Ta dawo gida da abin da ta fita da shi.

Sai ta yagi takarda ta rubuta wa mijinta, ta ba wani direban motar kasuwa mai zuwa Dakoro. Takardar ba ta ce na'ura ta lalace ba. Wata uku tana sauraren akwatin nan kowane dare, har ta san muryoyinsa ɗaya bayan ɗaya: ƙyas-ƙyas na bugawa, ƙarar kira, dogon fito mai tsini wanda modem ɗin can ke amsawa da shi, sa'an nan kukan gyare, sa'an nan shuuu kamar an zuba albasa a mai, sa'an nan shiru. Ta kuma san cewa shirun nan shi ne alamar an haɗu, domin akwatin yakan kashe lasifikarsa da zarar modem biyu sun daidaita. Abin da ta rubuta shi ne: “Waya lafiya take. Ana amsa sallama har a yi shiru. Bayan shirun ne ake koro shi.”

Da ya karanta ya san inda ciwon yake, tun bai ga na'urar ba. Ya nemi izini ya dawo kwana biyu kafin lokaci. Bai ko kwance kaya ba ya buɗe Comms ya buga da hannu, kamar daren farko. Layi ya shiga, sai ga wata kalma dabam a allo: “Username:”. Masu ba da hanyar sun sauya na'urar da ke amsa kira, sabuwar kuma da wata gaisuwa ta zo. Mutum da ya gani zai amsa ba tare da ya ma lura an sauya ba. Ɗan aiken kuwa yana tsaye yana jiran “ogin:”, ana tambayarsa sunansa yana shiru, har sau uku, ya juyo gida kamar yadda aka umarce shi. Bai yi laifi ba ko kaɗan. Wanda ya aike shi ne ya ɗauka cewa mai gadin da ya sani shi zai dawwama a ƙofar.

Gyaran layi ɗaya ne: in ka ji “ogin:” ko ka ji “sername:”, duk ka faɗi suna. Bai kai minti biyar ba. Wasiƙu shida suka sauko a jere. Ya ga adadinsu, ya ga ranakunsu, ya miƙa mata na'urar a buɗe ya fita tsakar gida. Da ta fito daga baya ya dubi fuskarta, ya ga babu abin tsoro, ya ce, “Lafiya dai?” Ta ce, “Ana gaishe ka.” A farkon azumin wannan shekara, cikin watan Nuwamba, aka haifi jikarsu mace. Wannan labari kam ta tarho ya zo, da tsakar dare, domin akwai abin da ba a jira a buɗe akwati a kansa.

Zamanin irin wannan ɗan aike bai daɗe ba. Tun a lokacin ma yawancin masu ba da hanya sun fara komawa ga tsarin da ake tantance suna da kalmar sirri a cikin ƙa'idar PPP kanta, ta hanyoyin da ake kira PAP da CHAP, ba tambaya a allo, ba amsa. A 2001 ɗin nan da malamin ke fama da littafinsa, kamfanin Psion ya sanar da janyewa daga kasuwar ƙananan kwamfutocin jama'a, ko da yake manhajarsa ta rayu da sunan Symbian a cikin wayoyin Nokia masu ɗimbin yawa. Wayar salula ta bazu a Nijar a shekarun da suka biyo. CompuServe na asali ya rufe a 2009, AOL kuma, wanda ya saye shi, ya daina ba da intanet ta layin tarho a ƙarshen Satumbar 2025. Gaisuwar ba ta mutu ba. Kowace waya tana yin ta da eriyar unguwa sau da yawa a yini, ta faɗi ko ita wace ce, a tantance ta, a buɗe mata, sai dai yanzu babu mai ji, babu kuma mai iya gyara ta da alƙalami da littafin ƴan makaranta.

Malamin ya yi ritaya tuni. Uwargidan tana aika wa ɗiyarta da jikarta saƙon murya ta WhatsApp, ba ruwanta da ƙafa ko kafa, kuma har yau ba ta kiran sunan. Na'urar tana cikin akwatin ƙarfe tare da takardun fili. Ƙwaƙwalwarta irin wadda ke riƙe rubutu ce muddin akwai batir, manyan biyu ko ɗan ƙaramin na ajiya mai kama da kwabo. Ya san da haka, saboda haka lokacin da aka daina amfani da ita ya ce mata zai kwafe wasiƙun a kan kati kada su ɓace. Ta tambaye shi ko sai ya buɗe su kafin ya kwafe. Ya ce a'a, amma za su bi ta hannunsa. Ta yi ɗan tunani ta ce, “Bar su, Malam. Wadda aka rubuta wa ta karanta.” Batir suka ƙare a lokacinsu, wasiƙun shekara biyu suka tafi, bai san abin da ke cikin ko ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne littafin. A shafinsa na ƙarshe akwai jerin umarnin da rubutun hannunsa, da layin da ya ƙara a daren da ya dawo daga Dakoro, da tawada dabam. A samansa akwai lambar da ake bugawa, mai alƙaluma shida, irin wadda ta daina aiki tun da lambobin Nijar suka koma takwas a 2006. Jikar ta zo hutu wata shekara, ta ga littafin, ta tambaye shi ko lissafin taki ne. Ya ce mata a'a, takardar wani yaro ce da ya taɓa yi wa kakarta aike. Ta ce yana ina yanzu? Kakar tana daga gefe tana tsince shinkafa, fuskarta a wani wajen. Ita ce ta amsa, ta ce yaron kirki ne, bai taɓa buɗe saƙon da aka ba shi ba.